"Bayan gajeruwar rashin lafiya": ciwon da ke ɗauke mana tsofaffi amma ba ma kiran sunansa

Duk wanda yake guruf ɗin dangi ko na unguwa a WhatsApp ya san wannan saƙon, musamman in hunturu ya kama. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un, Allah ya yi wa mahaifinmu rasuwa yau da asuba bayan gajeruwar rashin lafiya, za a yi jana'iza ƙarfe goma a ƙofar gida. Mu rubuta Allah ya jiƙansa, mu je a yi sallah a kai shi makwanci, mu dawo zaman makoki, in ka ɗan matsa kusa da ɗan mamacin ka ce wai me ya same shi ne haka, sai ya ce maka wallahi ba wani abu ba ne, ɗan tari ne da mura kwana uku huɗu sai kawai jiki ya rikice, ka san jikin tsufa. Shikenan an rufe magana. Ni kam tun rasuwar Baffana wannan kalmar ta gajeruwar rashin lafiya take tsaya min a rai, don mu ma ita muka rubuta, ni da hannuna na tura saƙon, alhali ciwon yana da suna, likita ya faɗa mana sunan har ya ɗaga hoton ƙirjin ya nuna mana. Nimoniya ce. Wasu su ce limoniya, manyanmu kuma su ce sanyin haƙarƙari.

Mu a wajenmu nimoniya ciwon yara ce, haka muka taso muna ji. Duk 12 ga Nuwamba da ake bikin ranar yaƙi da ita a duniya, in ka kunna rediyo jarirai za ka ji ana magana a kai, nono zalla wata shida, rigakafi, a lura in haƙarƙarin yaro yana lotsawa. Kuma hakan daidai ne, ba na ja da wannan ko kaɗan, yaranmu na mutuwa da ita fiye da yadda ya kamata. Amma ɗaya ɓangaren fa? Ciwon nan bakin hanya biyu yake tsare mutum, farkon rayuwa da ƙarshenta, mu kuma farkon kawai muke kallo. A ƙiyasin da masana suka fitar na shekarar 2016, cututtukan da ke kama can cikin huhu, waɗanda nimoniya ce babbarsu, sun kashe mutum kusan miliyan 2.4 a duniya, a ciki yara 'yan ƙasa da shekara 5 wajen 650,000 ne, amma waɗanda suka haura shekara 70 sun fi miliyan 1. Wato tsofaffin da ta ɗauke sun fi yaran yawa nesa ba kusa ba. A Amurka inda suke ƙirga komai, wani bincike da aka yi a asibitocin Shikago da Nashbil tsakanin 2010 da 2012 ya nuna cikin kowane baligi 10,000 wajen 25 ake kwantarwa saboda nimoniya a shekara, amma in ka ware masu shekara 65 zuwa 79 sai adadin ya koma 63, in ka ware masu 80 zuwa sama sai ya kai 164. Dubi yadda abin ke hawa da shekaru kamar ana taka bene.

Kuma ba ruwanta da wai kai wane ne. Nelson Mandela ciwon huhu ne ya yi ta kai shi asibiti yana dawo da shi kafin rasuwarsa a Disambar 2013 yana da shekara 95, dama ya taɓa yin tarin fuka tun yana kurkuku. Fafaroma Francis kwana 38 ya yi a asibiti a birnin Rum a farkon 2025 da nimoniya a huhu biyu, yana da shekara 88. To waɗannan mutane ne da likitoci ke kwana a kansu, ina ga dattijon da ke ƙauye wanda sai an yi tafiyar awa guda a kan babur kafin a kai shi inda za a sa masa abin awon ƙirji?

Bari in faɗi yadda na Baffa ya kasance, don na san gidaje da yawa za su ga kansu a ciki.

Baffa yayan mahaifina ne, shi ya riƙe mu bayan rasuwar mahaifinmu. Ya haura 70, yana da ciwon suga amma yana shan maganinsa, kuma mutum ne mai ƙarfin hali, duk sanyin da ake yi shi ne a sahun farko da asuba, da rawaninsa ya naɗe har kunne. A watan Janairu ne, hazo ya rufe gari ko rana ba a gani sosai, aka yi mura a gidan, jikoki duk suna ta jan majina, shi ma ya ɗauka. Kwana biyu ya yi kamar ya warware, sai a na uku bai fita masallaci ba. Hajiya matarsa ta kira ni ta ce ka zo ka duba Baffanku, tun jiya ya ƙi cin abinci, ko kunun ma kurɓa biyu ya yi ya ture kofin. Na je na same shi a jingine da bango, an rufe taga an cusa tsumma a ƙasan ƙofa, ga kaskon garwashi a gefe. Na durƙusa na ce Baffa sannu da jiki. Ya ɗago ya dube ni ya daɗe, sai ya kira ni da sunan mahaifina, mutumin da ya shekara tara a ƙasa, ya ce yaushe ka dawo daga kasuwa. Na taɓa goshinsa, ba zafi. Wallahi wannan rashin zafin jikin shi ya yaudare mu gaba ɗaya. Kowa ya ce ai tunda ba zazzaɓi da sauƙi, gigin tsufa ne ya fara, wata ta ce ko sugan ne ya hau. Aka kira yaron kemis na bakin layi ya zo ya ce maleriya ce da taifot, ya yi allura ya ɗaura ruwa leda ɗaya, aka dafa citta da kanumfari aka zuba zuma, aka shafe masa ƙirji da man zafi. Haka muka ƙara kwana biyu. Ina zaune kusa da shi ina ganin ƙirjin rigarsa na ɗagawa yana sauka da sauri-sauri kamar wanda ya yi gudu, amma ban san abin da nake kallo ba, na ɗauka gajiya ce.

Ranar da muka kai shi asibiti, nas ɗin da ta karɓe mu ba ta fara da komai ba sai da ta tsaya ta kalli agogonta ta ƙirga numfashinsa, ta ce 36 a minti ɗaya, ta maƙala masa wata 'yar na'ura mai auna iskar oksijin ta cikin jini a yatsa ta nuna 82, wato ta yi ƙasa sosai. Ta juyo ta ce Malam tun yaushe yake wannan numfashin? Na ce kwana uku kenan. Ba ta yi min faɗa ba, shiru kawai ta yi ta kira likita da sauri, kuma wannan shirun har yau ina jinsa. Aka yi hoto, likitan ya ɗaga shi a hasken taga ya nuna min ƙasan huhun dama ya yi fari fat, na hagu ma ya fara. Daga nan sai fafutukar iskar oksijin, na'urar da ke ɗakin da wuta take aiki, a ɗauke wuta ta tsaya, a jira janareta, mu fita neman tukunyar iska cikin dare. Kwanansa biyu a gadon asibiti Allah ya karɓi abinsa. Na yarda da ƙaddara ɗari bisa ɗari, kwanansa ne ya ƙare, amma ban taɓa iya cewa mun yi iya yinmu ba, don kwana ukun nan da muka yi muna cewa tsufa ne suna nan a wuyanmu.

Daga baya ne na zauna na yi ta tambaya da karatu sai na gane abin da ya faru da mu shi ne abin da ya fi faruwa. Tsoho yana iya kamuwa da nimoniya mai tsanani ba tare da zazzaɓi ba, ba ma tare da wani tarin kirki ba. Zazzaɓi ai alama ce ta jiki yana faɗa da cuta, jikin da ya tsufa kuwa sau da yawa ba ya iya tayar da wannan wutar. Abin da za ka gani shi ne mutum ya rikice farat ɗaya, ya daina gane mutane ko ya riƙa sambatu, ya ƙi abinci, barci ya yi masa yawa, ya faɗi a hanyar banɗaki, fitsari ya kufce masa alhali da ba ya yi, sannan numfashi ya ƙaru. Gigin tsufa na gaskiya a hankali yake zuwa, wata da watanni har shekaru, ba ya zuwa tsakanin Talata da Alhamis. Babban mutum mai lafiya yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya in yana hutawa, likitoci ma suna da wasu alamomi biyar da suke auna tsananin nimoniya da su, rikicewar hankali na ciki, numfashi 30 ko sama da haka na ciki, faɗuwar awon jini na ciki, da wani gwajin jini na ƙoda, na biyar ɗin kuwa shi ne kawai mutum ya kai shekara 65. Shekarun kansu maki ne. Baffa tun a ɗakinsa yana da uku cikin biyar, kuma duka ukun ba sai da wata na'ura za a gane su ba, ido da agogon waya sun isa.

To me ke kawo ta? Nan ne muke da tsohuwar gardama. In ka tambayi mutum goma a majalisa tara za su ce maka sanyi ne, shan ruwan firji, kwana a ƙarƙashin fanka, wanka ko alwala da ruwan sanyi da asuba. Gaskiyar magana ƙwayoyin cuta ne ke kawo ta, ruwan sanyi cikin ciki yake tafiya ba huhu ba. Huhu kamar soso yake, cike da 'yan ƙananan jakunkunan iska miliyoyi, ta nan iskar da muka shaƙa ke ratsawa ta shiga jini. In ƙwayar cuta ta samu ta sauka can ƙasa ta zauna, sai jakunkunan nan su cika da ruwa da mugunya, iska ta rasa wajen shiga, shi ne farin da ake gani a hoto, shi ya sa mutum ke haki yana neman iska alhali iska ta cika ɗakin. A cikin bakteriya wadda ta fi suna ita ce wadda likitoci ke kira nimokokus, kuma abin mamaki tana iya zama a hancin mutum mai lafiya, musamman ƙananan yara, ba ta yi masa komai ba. Sai kuma bairas, irin na mura mai tsanani da ake ce wa infuluwenza, da wani da ake kira RSV, da korona da muka sani. Sau tari ma haɗin baki suke yi, mura ta fara zuwa ta kakkarce hanyar iska, mutum ya yi kamar ya samu sauƙi, sai bakteriya ta biyo sawu ta shige, daidai yadda na Baffa ya yi kenan.

Amma ban ce masu cewa sanyi ne ba su ga komai ba, sun ga wani abu, fassarar ce ta kauce. Da gaske a hunturu abin ya fi yawa. Busasshiyar iska da ƙura suna busar da hanci da maƙogwaro su tsattsage, mura na yawo gida-gida, mutane na cunkushewa a ɗaki ɗaya an toshe ko'ina. Sannan ga abin da mu da kanmu muke yi da sunan maganin sanyin, wanda a ganina ya fi sanyin illa, wato hayaƙi. Mu kai wa tsoho kaskon garwashi ɗaki, mu rufe ƙofa da taga, mu kunna masa igiyar maganin sauro, wani lokaci a ƙara da turaren wuta, ya kwana yana shaƙa har asuba. Duk don ƙauna muke yi, na sani, ni ma na sha hura wa Baffa garwashin nan da hannuna. Amma hayaƙi yana kashe 'yan ƙananan gashin da ke cikin hanyar iska masu share datti da majina su turo waje, ban da haɗarin gubar gawayi da ke iya kashe mutum cikin barci a rufaffen ɗaki. Ka tuna kuma iyayenmu mata da kakanninmu, mace ta shekara 40 ko 50 tana durƙushe gaban murhu tana hura ɗanyen icce da kara, idonta na hawaye, ba ta taɓa riƙe sigari ba amma huhunta ya sha hayaƙin da ya fi na mashayin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta gurɓatacciyar iskar cikin gida irin wannan ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a shekarar 2020, kuma cututtukan huhu na cikin manyan hanyoyin.

Sai shi jikin tsufan kansa. Garkuwar jiki ta yi sanyi, ƙarfin tari ya ragu, tsoho ya yi tari amma kakin bai fito ba yana nan kwance a ƙirji. Ga ciwon suga, ciwon zuciya, asma, ciwon ƙoda ko hanta, kowanne buɗe ƙofa yake yi. Ga wanda ya sha taba shekara da shekaru ko da ya daina. Ga rashin abinci mai gina jiki, wanda ba ma lura da shi sam, tsoho haƙora sun zube ba ya iya tauna nama, sai a bar shi da koko da safe kunu da daddare, wata da watanni, ba ƙwai ba wake ba madara, yana ramewa muna cewa tsufa ne. Ga doguwar kwanciya, wanda ya karye a ƙugu ko ya daɗe a kan katifa ba a tayar da shi zaune, ƙasan huhunsa ba ya buɗewa, majina ta taru.

Akwai wata hanya kuma da nake so duk mai jinyar tsoho ya ji da kyau, don ita ce ta fi ba ni tsoro saboda da hannunmu muke yi. Ƙwarewa. Hanyar abinci da hanyar iska maƙota ne a maƙogwaro, akwai wani ɗan marfi da ke rufe ta iska duk sanda muka haɗiya. Wanda ya samu shanyewar ɓarin jiki, ko mai gigin tsufa, ko wanda ciwo ya galabaitar, wannan haɗiyar tana lalacewa. Sai ka shiga ɗakin mara lafiya ka tarar yana kwance rigingine, 'yarsa ta tallafo kansa kaɗan tana ɗura masa kunu ko ruwan rubutu da ludayi, yana tari yana ƙwarewa idonsa na ruwa, tana cewa daure Baba ka ƙara ko kaɗan ne, ba ka ci komai ba. Allah ya saka mata da alheri, so take ya rayu, amma wani ɓangaren kunun nan huhu yake tafiya, ya tafi da duk ƙwayoyin cutar da ke bakin, bayan kwana biyu sai numfashi ya canza. Wani ma ba ya ko tarin, shiru abin ke zurarewa, har yawun bakinsa cikin barci. Abin da ma'aikatan jinya ke koyarwa mai sauƙi ne, a tayar da shi zaune sosai kafin a ba shi komai, cokali kaɗan-kaɗan, a jira ya haɗiye, kar a ba wanda ke magagin barci, kuma a bar shi a zaune kamar rabin awa bayan ya gama. Sannan a wanke masa baki. Wannan ta ƙarshen mutane na raina ta, amma a Japan an gwada a gidajen kula da tsofaffi an ga waɗanda ake tsaftace wa baki a kai a kai sun fi tsira daga nimoniya. Mu da muke da asuwaki a addininmu da al'adarmu, mutum ya shekara 60 yana goge bakinsa kafin kowace sallah, amma ranar da ya kwanta hannunsa ya daina ɗaguwa sai a yi sati ba wanda ya tuna da bakin nan.

Ɗaya gargaɗin kuma, ba kowane tarin tsoho ne nimoniya ba. Tarin da ya wuce sati biyu, ga rama ga gumin dare, a je a gwada tarin fuka, gwajin da maganin kyauta ne a cibiyoyin gwamnati a Najeriya. Kuma dan Allah a daina sayen kafso huɗu a kemis a sha kwana biyu a ajiye, ko a ɗirka wa tsoho maganin tari mai sa barci don ya samu ya runtsa, tarin nan shi ne tsintsiyar da ta rage masa.

Yanzu in dawo kan abin da ya sa na ce wannan magana ce ta jama'a ba ta gidanmu kaɗai ba. Mu ba ma ƙirga matattunmu. Mafi yawan mace-mace a ƙasar nan ba a yi musu rajista, mutum ya rasu a gida da asuba kafin azahar an rufe shi, ba takarda ba dalili. Mutanen Kano ba za su manta watan Afrilun 2020 ba, lokacin da dattawa suka riƙa tafiya ɗaya bayan ɗaya, malamai, 'yan boko, masu sarauta, sai daga bakin masu haƙa kabari aka fara jin cewa abin ya wuce misali. Da gwamnatin tarayya ta turo a bincika sai bin gidaje aka yi ana tambayar iyalai yadda mamacin ya yi, kuma a watan Yuni ministan lafiya na lokacin Osagie Ehanire ya ce an ƙirga mutum 979, kashi 50 zuwa 60 cikin 100 na da alaƙa da korona, akasarinsu sun haura shekara 65. Wancan ya zo da yawa lokaci ɗaya shi ya sa aka gani. Wanda ke zuwa duk hunturu, gida ɗaya yau gida ɗaya jibi, ba mai ganinsa, kuma abin da ba a rubuta ba ba ya shiga kasafin kuɗi.

Na san abin da za a ce min, kuma wani abokina ma'aikacin lafiya ya faɗa min ido da ido, ya ce kuɗin ba yawa, yara ne gaba, tsoho ya ci zamaninsa. Na yarda yara ne gaba. Amma abubuwan da nake magana a kai ba wai ƙwace wa yara za su yi ba. Oksijin ɗin da zai ceci kaka shi ne dai zai ceci jikanta da mai naƙuda, in an sa shi a asibitin karkara da sola mai riƙe na'urar kowa ya amfana. 'Yar na'urar yatsan nan ba ta kai girman kwalin ashana biyu ba, da batir take aiki, me zai hana a ce kowace ƙaramar cibiyar lafiya da kowane kemis mai lasisi yana da ita, a kuma koya wa yaran kemis ɗin nan cewa tsohon da ya rikice yana haki ba na allurar maleriya ba ne, na turawa asibiti ne yanzu-yanzu? Su ne fa ake fara kira, ko mun so ko mun ƙi. Rigakafin yara kansa taimakon tsofaffi ne, Najeriya ta fara sa allurar nimokokus cikin rigakafin jarirai a ƙarshen 2014, Nijar ma a 2014 ta fara, ana yi a sati 6 da 10 da 14, kuma a ƙasashen da suka riga mu an ga da aka yi wa yara sai ciwon ya ragu har a jikin manya, saboda jikan da ke hawa cinyar kaka da majina a hanci ya daina kai mata ƙwayar. Duk uban da ya hana a yi wa ɗansa rigakafi ya sani ba ɗan kaɗai ya bari a fili ba, har da tsohuwar da ke goyonsa.

Amma su manyan fa, nasu rigakafin? A Birtaniya duk wanda ya kai 65 ana yi masa na nimoniya kyauta, ga na mura duk shekara. Amurka a Oktoban 2024 ma sauko da shekarun ta yi daga 65 zuwa 50. Mu a nan da wuya dattijo ya ga allurar rigakafi sai in zai tafi aikin hajji, shi ma don Saudiyya ta wajabta wasu ne irin ta sanƙarau. Kuma ga dama nan a hannu, don nimoniya na cikin manyan abubuwan da ke kwantar da alhazai a asibitocin Makka da Mina, kowa ya san tarin da alhazai ke dawowa da shi, kuma yawancin masu zuwa dattawa ne da suka tara kuɗin shekara da shekaru. Tunda dama ana tara su a yi musu gwaji da allura kafin tashi, me zai hana hukumomin alhazai su haɗa da na nimoniya da na mura ga masu shekaru da masu suga? Muna da cibiyar kula da dattawa ta ƙasa, dokar inshorar lafiya ta 2022 ma ta ambaci tsofaffi cikin masu rauni da ya kamata a ɗauke wa nauyi, to mu gani a ƙasa mana, a ɗakin da ake jiran janareta.

Malamanmu ma suna da rawar takawa, don kalmar tsufa ne da kwana ya ƙare daga wajen imani muke ɗauko ta. Akwai hadisin da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito, wasu mutanen ƙauye suka tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko su nemi magani, ya ce su nema, Allah bai sanya wata cuta ba face ya sanya mata magani, ban da guda ɗaya, tsufa. To tsufan ne ba shi da magani, nimoniya tana da shi, in an zo da wuri allura da ƙwayoyi da oksijin suna tayar da mutum mai shekara 80 ya koma gidansa da ƙafarsa. Mu kuma mun haɗa su mun ɗaure a ƙulli ɗaya mun kira shi tsufa. Ina ma a ce ko huɗuba ɗaya a farkon hunturu za a yi a kan wannan.

Shekara biyu bayan Baffa, ƙanwarsa Gwaggo ta kwanta, ita ma a hunturu, ita ma bayan mura. 'Yarta ta ce min tun safe take magana ba kan gado kuma ta ƙi fura, ita da ba ta wasa da fura. Ban taɓa goshinta ba ma, na zauna a bakin katifa na buɗe agogon waya na zuba wa zaninta ido a daidai ƙirji, minti ɗaya cif, 31. Na ce a kawo mota. Ta riƙe hannuna ta ce kai ɗan nan ni ba inda za ni, can kuka kai Baffanku bai dawo ba. Na ce Gwaggo ki yi haƙuri, shi makara muka yi, ke ba za mu makara ba in Allah ya yarda. Kwananta biyar a asibiti, biyu a ciki da robar oksijin a hanci, aka sallamo ta. Yanzu kaskon garwashi a tsakar gida yake tsayawa, ta ji ɗuminta a waje kafin ta shiga, a ɗaki kuma bargo biyu da safa da hular sanyi, tagar sama a buɗe kaɗan. Ranar da muka koma a duba ta na tambayi ma'aikaciyar ko akwai allurar rigakafin nimoniya da za a yi mata tunda ta haura 70 kuma ta taɓa yi, ta ce wadda suke da ita ta jarirai ce, ta manya sai dai in gwada manyan kantunan magani ko asibitin kuɗi. Na je wurare uku ban samu ba, an ba ni lambar wani na huɗu, gobe in Allah ya kai mu zan kira.